Chromebook Arba'in Sun Yi Kwantai, Ɗan Yayana Kuma Na Cewa In Ƙaro

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Shekara tara ke nan ina sayar da laftof tokumbo a titin Beirut a Kano. Ɗan yayana da ya karanta kwamfuta a jami'a ya nuna mini a intanet cewa Windows ta kama hanyar mutuwa tunda Microsoft ya daina kula da Windows 10, kuma Linux, wata babbar manhaja kishiyar Windows, da Chromebook, wato laftof mai aiki da babbar manhajar Google, su ne ke tashe. Na saro Chromebook arba'in da araha. Wata huɗu ke nan takwas kawai suka fita, biyu ma an dawo da su. Yanzu yana cewa in ƙaro, kasuwarsu na tafe. In ƙaro ko in karyar?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Kada ka ƙaro ko guda ɗaya. Amma ba wannan ne ya dame ni a wasiƙarka ba.

Ka faɗa mini abin da yaron ya gani a intanet, ba ka faɗa mini abin da shagonka ya sayar bara ba. Laftof nawa suka fita, wane iri, wa ya saya, don wane aiki? Ina kyautata zaton ba ka da littafin da zai amsa wannan. Shekara tara mutane na shigowa suna faɗa maka da bakinsu abin da suke nema, ba ka rubuta ba, sai ga yaro da waya a hannu ya nuna maka wani zane mai hawa da sauka, ka zuba jari a kai. Da kana da littafi, da shi za ka buɗe masa, magana ta ƙare a wurin.

Yaron bai yi ƙarya ba, wannan ne ma ya sa ka faɗa. Gaskiya ne Microsoft ya daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025. Gaskiya ne kuma Windows ta rage ƙarfi: a lissafin StatCounter, shafin da ke fitar da irin waɗannan alƙaluma, ta haura kashi 90 cikin 100 na kwamfutoci a 2009, a 2025 kuwa tana wajen kashi 70. Linux ta taɓa kashi 4 a 2024, masoyanta suka yi ta murna. To amma kashi 70 ba gawa ba ce, kuma kaso mai tsoka na abin da Windows ta rasa kwamfutocin Apple ne suka ɗauka. Sannan wannan lissafin ba na ciniki ba ne. Suna ƙirga kwamfutocin da suka leƙa wasu shafukan intanet ne a duk faɗin duniya. Mai shagon buga takardu a Sabon Gari da ke aiki da CorelDRAW tun safe har dare ba tare da ya kunna data ba, ba ya cikin ƙidayar, alhali shi ne mai kawo maka kuɗi.

Su wane ne ma masu sayen kayanka? Ɗalibin BUK da malaminsa ya ce ya zo da SPSS ko AutoCAD. Mai haɗa katin biki. Ma'aikacin da ya saba da Word da Excel tun zamanin Windows XP. Babu wanda a cikinsu ya fito daga gida don sayen babbar manhaja. Aikinsa yake so ya yi, kuma kayan aikin nasa a kan Windows suke zaune. Chromebook ba ta ɗaukar su, ma'ajiyarta ƙarama ce, galibi giga 16 ko 32, kuma rabin amfaninta sai da intanet. Biyun da aka dawo maka da su, na san abin da ya faru ko ba ka faɗa ba: mutum ya je gida ya sa filashi zai ɗora manhaja, abu ya ƙi.

Ka kuma tambayi kanka dalilin arahar. Makarantun Amurka sun sayi Chromebook da yawan gaske a 2020 da 2021 lokacin korona, yanzu sun tsufa ana sauke su. Kowace tana da ranar da Google zai daina sabunta ta, wasu kuma har yanzu a kulle suke da sunan makarantar da ta saye su. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Na taɓa ganin irin wannan. A 2007 kamfanin Asus ya fito da ƙananan laftof ɗin nan Eee PC, da Linux a kansu, aka yi ta cewa ƙarshen Windows ya zo. Wani abokin huldata ya saro su da yawa a kan wannan maganar. Duk wanda ya kunna sai ya tambaya ina Word take. Ƙarshenta sai da ya ɗauki yaro yana biyansa yana ɗora XP a kan kowace ɗaya, ribar ta tafi a ladan yaron da kuɗin man janareta. Shi kuwa Microsoft sai ya tsawaita ran XP ya sayar wa masu ƙera su da rahusa, cikin ɗan lokaci ya kwashe kasuwar. Shi abokin nawa ya fi ka sa'a, domin nasa suna ɗaukar Windows. Naka sai an yi musu tiyata, kuma ba duka ke tashi ba.

Abin takaicin, akwai kuɗi a labarin Windows 10 ɗin, yaron ne ya karanta shi a baibai. A injinan Intel, Windows 11 da ta gaje ta galibi ba ta hawa bisa ƙa'ida sai a kan zubi na takwas zuwa sama, mai ɗauke da TPM 2.0, wani sashen tsaro da ke cikin injin. Ke nan tokumbo ta rabu gida biyu. Zubi na takwas zuwa sama za su riƙe daraja. Na shida da na bakwai kuwa ofisoshin Turai da Amurka za su yi ta zubar da su, farashinsu ya yi ta sauka. Kada ka tara su da tsada, kuma in za ka sayar ka faɗa wa mai saye gaskiya. Masu gyara suna da dabarar tilasta wa Windows 11 hawa tsohon inji, amma ranar da ta ba da matsala shagonka za a dawo, ba wurin mai gyaran ba.

Talatin da huɗun da ke hannunka, ka zauna ka kunna su ɗaya bayan ɗaya, ka ware masu kulle, ka duba ranar ƙarewar kowace. Masu lafiyar ka kai wa makarantun firamare masu zaman kansu da iyayen da ke nema wa yara abin karatu, su ne masu ita na gaskiya. In uwar kuɗi ta fito ka saki. In ma da ɗan faɗuwa ka saki, domin kayan lantarki ba hatsi ba ne da za a ɓoye a jira tsada, kullum kwanan duniya darajarsu raguwa take.

Shi kuma ɗan naka, ba na ce ka yi faɗa da shi ba, zumunci ya fi Chromebook. Amma ka tambaye shi abu biyu cikin raha: ko akwai la'adar da yake samu daga wanda ya sayar maka, kuma nawa zai zuba daga aljihunsa a sarin da yake so ka ƙaro. Daga gobe ka sayi littafi mai bango mai ƙarfi ka ajiye a kan kanta. Duk wanda ya saya, a rubuta iri da zubi da farashi da aikin da zai yi. Wanda ya tambaya ya fita bai saya ba, shi ma a rubuta abin da ya nema. Ka ba yaron aikin cike shi, tunda yana son alƙaluma. Bayan wata uku ka aiko mini da abin da ke ciki, sannan mu yi maganar sari na gaba.