Ni na rubuta, amma ni ma sai na biya kafin in karanta?

TAMBAYA: Salam Malam, dan Allah a taimaka. Ni malamar jami'a ce, bara wata mujallar bincike ta buga aikina da na yi shekara biyu ina fama da shi, yanzu ɗalibaina sun je saukewa an ce sai sun biya, ni kaina ya ƙi buɗe min. Zan iya ɗora shi a intanet kowa ya ɗauka ko zan janyo wa kaina matsala?

AMSA: Wa'alaikumus salam Malama. Wallahi abin nan yana min ciwo, ke kika yi wahalar, malamai 'yan uwanki suka duba aikin kyauta, mawallafi ya zo ya garƙama masa kwaɗo, kura da shan bugu gardi da kwashe kuɗi kenan.

Ki nemo fom ɗin da kika sa wa hannu lokacin da suka karɓi aikin, yawancinmu ko karantawa ba ma yi saboda murna. In kin miƙa musu haƙƙin mallaka to PDF ɗin da suka tsara mai tambarinsu ya fita hannunki, kar ki ɗora shi. Amma kwafinki na ƙarshe, wanda kika tura bayan gyaran masu dubawa kafin su tsara shi, mawallafa da yawa suna yarda a sa shi a rumbun intanet na jami'a, wasu nan take wasu sai bayan wata 6 ko 12 ko ma fiye, kuma ba kya biyan ko sisi. Ki duba sharaɗin mujallarki.

Akwai hanyar biya a buɗe wa kowa, sai dai tsada, mujallar kimiyya ta Nature ta yanka yuro 9,500 a 2021 kan maƙala ɗaya, wa ke da shi? Shi ya sa nake yaba abin da malaman wata tsangaya a jami'ar Harvard suka yi a 2008, suka kaɗa ƙuri'a suka ba jami'arsu izinin raba maƙalunsu kyauta tun kafin wani mawallafi ya kawo fom, jami'ar MIT ita ma ta bi sahu a 2009. Malami shi kaɗai ba ya iya jayayya da babban kamfani, amma in jami'a ta tsaya a bayansa magana ta canza, ki kai maganar gaban majalisar malamanku.

Aiki na gaba ki leƙa DOAJ, jerin mujallun da kowa ke karantawa kyauta ne kuma da yawansu ba sa cajin marubuci. Waɗanda ke turo imel wai za su buga miki cikin sati ɗaya in kin biya kuwa, ki share su.