Kun Tambaya, Mun Amsa: Kyandir Mai Baƙin Hayaƙi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni uwa ce mai 'ya'ya huɗu a Gadarif, ƙasar Sudan. Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023 wutar lantarki ba ta da tabbas a unguwarmu, kuma idan cajin fitila ya ƙare sai mu koma ga kyandir, wanda masu kanti a nan ke kira shama'a. Bayan kamar sa'a ɗaya da kunnawa, harshen wutar yakan yi tsawo yana rawa yana hayaƙi, har bango ya yi baƙi, kuma da safe nakan ga baƙi a hancin 'yata mai karatun dare. Jabu ake sayar mini ne?

Amsa: Wa'alaikumussalam, Malama. Allah ya dawo mana da zaman lafiya. Kafin ki ɗora wa mai kanti laifi, ki duba lagwanin, domin abin da kika bayyana ya fi kama da aikin lagwanin da ya yi tsawo.

Kyandir da fitilar ƙwai aikinsu ɗaya. Zafin wuta yana narkar da kakin da ke gindin lagwani, lagwanin ya tsotse shi zuwa sama kamar yadda tsumma ke tsotsar ruwa, can sama kuma ya zama tururi, wannan tururin ne ke ci da wuta. Idan lagwani ya yi tsawo sai ya ɗebo kaki fiye da abin da iskar da ke kewaye za ta iya ƙonawa sarai, ragowar da ba ta ƙone ba ita ce ke tashi ta zama kunkunniya a bango da kuma hancin yarinya. Duk wadda ta taɓa murɗa lagwanin fitila sama ta ga ƙwan ya yi baƙi ƙirin ta san wannan. Bambancin kawai shi ne fitila tana da mamurɗi, shi kuwa kyandir sai an nemo masa almakashi.

Kafin kowace kunnawa, lokacin da kyandir ya huce kakin ya daskare, ki datse lagwanin ya rage kimanin milimita 6, wato kamar tsawon ƙwayar shinkafa guda. Za ki ga wani baƙin dunƙule a kansa mai kama da kan ashana da ta ƙone. Shi ne ya fi haddasa hayaƙi da tartsatsi, kuma idan ya huce ko da yatsu biyu ana iya tsinke shi. Ki karkata kyandir ɗin yayin yankawa don guntun ya faɗi waje. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin guntun lagwani ko tsinken ashana da ya faɗa cikin narkakken kaki yakan zama lagwani na biyu, wuta ta kama wuri biyu, harshenta ya ninka. Kada kuma ki yi masa aski ƙwal-ƙwal, don lagwanin da ya gajarce da yawa nutsewa yake yi cikin kaki ya mutu. In hakan ta faru, ki zubar da ɗan narkakken kakin a kan takarda har kansa ya fito.

Lagwanin siririn kyandir na kanti yakan rage wa kansa tsawo, saboda kitsattse ne, yana lanƙwasawa zuwa gefen harshen wuta inda bakinsa ke cinyewa. Mai kauri da kuma na cikin kwalba mai ƙamshi, irin wanda ake kawowa tsaraba daga Saudiyya, su ne suka fi bukatar almakashi, kuma bai kamata su wuce sa'a 4 suna ci a jere ba. A kashe, a bari su huce, a datse, sannan a sake kunnawa.

Idan kin datse amma harshen bai daina rawa ba, to iska ce ke kaɗa shi, sai ki janye shi daga taga da bakin ƙofa. Ki kafa shi a farantin ƙarfe ko cikin kwano mai yashi, ba a kan kujerar roba ko kwali ba, kuma ki bar tazarar aƙalla santimita 30 tsakaninsa da gidan sauro, labule, mayafi ko littafi. A ɗakin da aka yi wa rufin ciyawa, irin waɗanda suka yawaita a Gadarif, ya zauna a ƙasa nesa da jinka. Ba a kashe kyandir da ruwa, domin kaki mai zafi fantsama yake yi, kwalba kuma tana iya fashewa. A kife masa murfin ƙarfe. Abin da ya fi tsaya mini a rai a wasiƙarki shi ne karatun daren nan, don barci ɓarawo ne. Babba ya zauna kusa har yarinyar ta rufe littafi, shi kuma ya kashe wutar da hannunsa. In tana tari ko tana da asma, ki kai ta wurin likita, kuma ki ware mata fitilar caji ita kaɗai.

Tambaya: Ni ɗan tireda ne a Kasala, ƙasar Sudan. Da zafi ya tsananta sai kyandir ɗin da nake sayarwa ya lanƙwashe, masu saye su ƙi shi. Ina mafita?

Amsa: Malam, kakin farafin da ake yin yawancin kyandir da shi daga man fetur ake samo shi, kuma yana yin laushi tun kafin ya kai ga narkewa, ga shi zafin Kasala a watan Mayu yana haura digiri 40. Kada ka tsayar da shi ko ka bar shi a rana ko dab da rufin kwano. Ka kwantar da shi cikin kwalinsa a ƙasan kanta, wajen da ya fi sanyi, ka riƙa fito da kaɗan-kaɗan gwargwadon cinikin yini.