Fatawa: Dokin gado ko haƙƙin iyali, wanne ke gaba?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ma'aikacin gwamnati ne a nan Kaduna, ina zaune a Rigasa da matata da yara uku, babbansu shekararsa 6. Mahaifinmu ya rasu ya bar ingarman da yake hawan Sallah da shi a Zariya, na ɗauko shi na turke a gidana don ba na son ya fita daga hannunmu. Yanzu harawa da dusa suna neman kamo kuɗin cefane, in na tashi daga aiki wurinsa nake zarcewa, uwargida ce kuma ke ba shi ruwa da rana. Ta fara ƙorafi. Abokai na cewa doki albarka ne, ba a sayar da shi. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa ya huta.

Kiwon doki halal ne, babu saɓani. Allah ya ambace shi cikin ni'imominsa a Suratun Nahli, aya ta 8, ya ce ya halicci dawaki da alfadarai da jakuna don a hau su, kuma don ado. Adon ma da kansa an ambace shi. Saboda haka ba na cikin masu ganin laifin mai kilisa ko mai hawan Sallah, balle a garin da ya ga hawan daba na 1956 da na 1977.

Maganar abokanka tana da asali. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa an ƙulla alheri a makwarkwaɗar dawaki har ranar alƙiyama. Sai dai a ruwayar Urwatul Bariƙi an fassara alherin da lada da ganima. Wani hadisin na Abu Huraira kuma ya kasa dawaki uku: wani lada ne ga mai shi, wani sutura, wani zunubi. Na farko an ɗaure shi saboda Allah, na biyu don rufin asiri ba tare da an manta haƙƙin Allah a kansa ba, na uku don alfahari da riya da gaba da Musulmi. Niyyar mai doki da yadda ya riƙe shi su ke nuna rukuninsa. Cewa ba a sayar da shi kuwa, wannan ba ya cikin hadisin.

To, ciyar da matarka da 'ya'yanka wajibi ne, riƙe dokin mahaifinka ba wajibi ba ne. Annabi (SAW) ya ce ya ishi mutum zunubi ya tozarta wanda ciyarwarsa ke wuyansa, Abu Dawud ya ruwaito. Muddin harawa ta taɓa abincin yara, ko kuɗin makaranta, ko na asibiti, ko ta kai ka ga cin bashi mai ruwa, riƙe dokin a wannan hali ya haramta gare ka. Kada kuma ka ce bari ka rage masa abinci don lissafi ya fito, domin shi ma mai haƙƙi ne. Raƙumi ya kai ƙarar ubangijinsa wurin Annabi (SAW) a kan yunwa da wahalarwa, aka ce da mutumin ya ji tsoron Allah game da dabbar. A mazhabarmu ta Malikiyya, Shehu Khalil ya faɗa a Mukhtasar cewa ciyar da dabba wajibi ne a kan mai ita in babu makiyaya, in ya ƙi ko ya gaza a sayar. Ina makiyaya a tsakar gidan Rigasa? Doki ƙaramin tumbi gare shi, kaɗan-kaɗan yake ci yini guda, ba ya iya amai, ya kan sha ruwa sama da lita 20 a rana. In aka bar shi da yunwa sannan aka cika masa gaba da hatsi lokaci ɗaya, ciwon ciki na iya kashe shi.

Abin da ya fi tsaya mini a tambayarka shi ne uwargida. Na san akwai masu kawo ƙissar Asma'u 'yar Abubakar, matar Zubairu ɗan Awwam, su ce ai ita ma ta yi wa dokin mijinta hidima. Gaskiya ne. Tana yi masa ciyawa, tana ɗebo ruwa, tana ɗauko ƙwallayen dabino a ka daga gona mai nisa. Amma a karanta ƙissar har ƙarshe. Ita da bakinta ta ce babu abin da ya fi mata wuya a hidimar gidan kamar kula da dokin, kuma ranar da mahaifinta ya aiko da mai hidimar da ya ɗauke mata shi, ta ce kamar 'yanta ta ya yi. Wannan sahabiya ce, matar mujahidi, dokin kuma na yaƙi ne. Imamu Nawawi ya ɗauki aikinta a matsayin kyautatawa, ba tilas ba. Ko malamanmu da suka ɗora wa mace hidimar cikin gida bisa al'ada, irin su girki da shara suke nufi. Matar da ke da goyo a baya, wani na jan zaninta, tukunya na kan wuta, ba ka da ikon ɗora mata bokitin doki da tsakar rana. In ta yi, ka gode mata. In ta ce ta gaji, ba ta saɓa maka ba.

Lokacinka ma akwai masu haƙƙi a cikinsa. Salmanu ya gaya wa Abud Darda'i cewa iyalinsa na da haƙƙi a kansa, Annabi (SAW) ya gaskata shi, alhali ibada ce ta shagaltar da Abud Darda'i. Yaro ɗan shekara 6 yana bukatar uban da zai saurari haddarsa, ya riƙe hannunsa zuwa masallaci. Awannin ofis kuma amana ce da kake karɓar albashi a kanta, ba a gutsura su don barga.

Ga batun haɗari. Doki ba ya ganin abin da ke daidai bayansa, yaro mai rarrafe kuwa bai san harbi ba. Turke a inda yara ke wasa sakaci ne. In ka fita da shi kilisa ya taka wani ko ya yi ɓarna, Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, ta ce mahayi da mai ja da mai kora su ke da lamuni, wato alhakin biyan ɓarnar.

Hukuncin dai shi ne: ya halatta ka ci gaba da riƙe shi in abincinsa daga rarar da ta saura bayan haƙƙin iyali yake fitowa, kana da mai kula da shi wanda kake biya, an raba turkensa da wurin yara, kuma bai cinye aikinka da zamanka da iyali ba. Mai wannan hali ya sayi harawarsa da kaka ya adana, kafin bazara ta yi tsada. In ɗaya daga ciki ya gagara, ka miƙa shi ga ɗan'uwa mai hali a Zariya ka riƙa zuwa hawa, ko ka sayar wa wanda zai riƙe shi da kyau, kuma ba ka ci amanar mahaifinka ba. Daga yadda ka siffanta halinka, wannan na biyun, wato miƙawa ko sayarwa, nake ba ka fatawa da shi.

Ka ce ka ɗauko shi, ba ka ce an raba gado ba. In ba a raba ba, dokin na dukan magada ne, mata da maza. Sai a yi masa kuɗi a ba kowa rabonsa, ko su yafe maka da yardarsu, rabon ƙaramin yaro kuwa ba mai ikon yafe shi. Ka fara gyara wannan kafin ka ajiye ko ka sayar.

Wallahu a'alam.