Tambayi Likita: Gwiwa, Sakiya da Batun Gwiwar Ƙarfe

Tun da hunturu ya kama, galibin saƙonnin da ke iso mini a nan Tawa kukan gwiwa ne. Ga waɗanda na tsamo wannan mako.

Tambaya: Likita, gwiwata tana ƙara ƙas-ƙas in na miƙe daga kan keken ɗinki, amma ba ta ciwo. Shekarata 34. (Wani tela, Yamai)

Amsa: In babu ciwo babu kumburi, bar ta ta yi kiɗanta, Malam. Ranar da ta kumbura ko ta ƙage ta ƙi miƙewa, sai gidan likita.

Tambaya: An yi mini hoton ƙashi, an ce guringuntsin gwiwoyina ya cinye. Ƴaƴana sun hana ni fita ko gidan suna, wai in huta. Daidai ne? (Wata Hajiya, unguwar Wadata)

Amsa: Hajiya, ƴaƴanku ƙauna ce ta sa su, amma sun yi kuskure. Zama wuri guda yana kashe naman cinya, alhali shi ke ɗauke wa gwiwa nauyi. Ku riƙa fita da sanyin safiya ko bayan la'asar, minti 10 zuwa 15 a kan hanya shimfiɗaɗɗiya, kuna ƙarawa sannu-sannu. Ku kauce wa rairayi mai zurfi da hawan tudu, ku sa takalmi mai riƙe dunduniya, ba silifa ba. Sanda kuma a hannun da ke ɗaya ɓangaren ake riƙe ta: in gwiwar dama ta fi ciwo, sanda a hagu. In kuna zaune a kujera, ku miƙe ƙafa sak, ku ƙirga 10, ku sauke, sau 10 kowace ƙafa. Kowane kilo guda da kuka rage, wajen kilo 4 ne kuka sauke wa gwiwa a kowane taku. A sa muku kujera mai huji a kan masai, tsugunon nan ya isa haka. In gwiwa ta kumbura ta yi zafi, a bar tafiyar a je a duba ku.

Tambaya: Sujada ta gagare ni, ina jin kunyar salla a kan kujera a masallaci. (Wani dattijo, Ƙonni)

Amsa: Baba, hadisin Imrana ɗan Husaini ya ba wanda ya kasa tsayuwa damar yin salla a zaune. Ku ɗauki kujerarku ku tafi jam'i, tafiyar ma magani ce.

Tambaya: Mahaifinmu manomi ne a wani ƙauye kusa da Buza, shekararsa 67, yana da ciwon sukari. Gwiwarsa ta kumbura, wanzami ya yi masa tsaga ya kafa ƙaho don ya zuƙe mugun ruwa, daga baya aka yi sakiya wuri uku. Yau kwana 4 gwiwar ta yi zafi rau, yana masassara, ba ya iya taka ƙafar. Muna ba shi haɗin ƙwayoyin da ake saidawa ranar kasuwa. Mu ƙara jira? (Ɗansa)

Amsa: Kada ku jira ko sallar da ke tafe. Ku ɗauke shi yau zuwa asibitin Buza, in abin ya fi ƙarfinsu su tura ku babban asibitin Tawa ko Galmi. Kumburi da zafi da masassara, ga ƙafa ta ƙi takuwa, alama ce ta ƙwayoyin cuta sun shiga cikin gaɓar. Mugunya tana iya cinye guringuntsi cikin ƴan kwanaki, in ta bi jini kuma rai ake magana. Ga mai ciwon sukari abin ya fi sauri.

Ba raina wanzamai nake ba, su suka yi mini aski tun ina yaro. Amma don Allah me ya haɗa aska da gwiwa? Ruwan nan da ake kira mugun ruwa, gwiwar ce da kanta take ƙara yin sa in wani abu ya dame ta, kuma yana can ciki a jaka rufaffiya. Ƙaho ba ya kai gare shi, jinin fata kawai yake zuƙowa. Abin da tsaga ke yi shi ne buɗe wa ƙazanta ƙofa, ban da ciwon hanta da aska ɗaya ke iya ɗaukowa daga jikin wani. Sakiya kuwa, zafin ƙuna ne ke mantar da mutum ciwon farko na ɗan lokaci, sai a ce an samu sauƙi. Na sha wanke irin waɗannan gyambuna, har yau ban ga gwiwar da wuta ta gyara ba.

A asibiti za a ja ruwan da allura mai tsabta a auna, wataƙila a shiga da shi ɗakin tiyata a wanke gaɓar, sannan a yi makonni ana ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta. Ku tuna musu da allurar tetanos.

Sai batun haɗin ranar kasuwa, wanda ya fi ƙona mini rai. Irin waɗannan ƙulle-ƙulle sau da yawa akwai dexamethasone da diclofenac da tramol a ciki. Na farkon yana hau da sukari, yana raunana garkuwar jiki. Na biyun yana iya fasa ciki ya lalata ƙoda. Ku tafi da ledar gaba ɗaya likita ya gani, domin in ya yi makonni yana shan dexamethasone ba a tsayar da shi rana ɗaya. Na sake faɗa: yau, ba gobe ba.

Tambaya: An ce sai an sa mini gwiwar ƙarfe. Shin ƙafar za a yanke? Zan koma kiwona? (Wani magidanci, Abalak)

Amsa: Ba a yanke ƙafa. Bakin ƙasusuwan da suka goge ake ferewa, a lulluɓe su da ƙarfe, a sa roba mai tauri a tsakani. Kwana ɗaya ko biyu bayan aikin ake tsayar da mutum, ya yi kamar mako 6 da sanduna, sannan watanni na motsa gaɓa wurin masu kine, wato ma'aikatan asibiti masu koya wa majinyaci motsa jiki. Wanda ya yi wasa da kine ya zubar da kuɗinsa. Yawancin irin wannan gwiwa tana kai shekara 15 zuwa 20. Za ka iya doguwar tafiya bayan dabbobi, amma gudu da tsalle da dogon tsuguno sai haƙuri. Kafin ka sayar da garke don tafiya Tunisiya ko Indiya, ga ƙwararren likitan ƙashi a babban asibitin ƙasa na Yamai, ya tabbatar lokacin aikin ya yi. Bayan aiki, in ka ga masassara, ko ɗinki yana ruwa, ko sha-raɓa ta kumbura, ko numfashi ya yi wuya, koma asibiti nan take.

Tambaya: Gaskiya ne romon ƙafar sa yana mayar da ruwan gwiwa? (Wata uwargida, Bukoki)

Amsa: Ba ya mayarwa. Sha don daɗi, amma ki kwashe kitsen da ke sama.