Ga ƙanwata mai kukan delta

Ƙanwata da kika rubuto cewa kina segonde C a nan Tawa, kin haddace delta, wato b² − 4ac, amma kowane dubwar 5 bisa 20 kike samu, har kina tunanin komawa seri A, don Allah dakata. Wallahi sai da raina ya sosu, don ni ma na ɗanɗana.

Ba delta ke kada ki ba. Alamar ɗebewa ce, kuma tun katiriyem take bin mutum. Ɗauki 2x² − 3x − 5 = 0. Kafin komai sa lambobin cikin baka: (−3)² − 4(2)(−5). Tara da arba'in ke nan, 49, rasin ɗinsa 7, sai x ya fito 5/2 ko −1. In kika danna −3² a waya ba baka, −9 za ta ba ki. In kuma alamar −5 ta suɓuce miki, −31 za ki gani, ki rubuta "babu amsa" alhali amsa biyu na zaune.

Ni kam, wani mushe, malaminmu na lissafi, ne ya so ya raba ni da lissafi. Ya tsai da ni gaban allo cikin zafin Afrilu, na tambaye shi me ya sa alama ke juyawa in lamba ta tsallaka ɗaya gefen. Tambayar ke nan fa. Ya karɓe allin daga hannuna, ya juya ya ce wa aji wai tallar goro ta fi dacewa da ni. Maza suna buga tebur suna dariya, ni kuwa ya hana ni zama har aka tashi. Hijabina ya jiƙe da gumi, na ƙi yin kuka sai da na fita ƙofar makaranta. Shi ne kuma mai karɓar jaka biyar a wata yana koyarwa a gidansa, masu zuwa can ba a taɓa yi musu haka ba. Har yau in na hango shi a kasuwa sai in sauya hanya. Allah ya isa!

Yayan ƙawata ne ya warware mini a allon da suka shafa wa bango a fadarsu. Babu abin da ke tsallakawa. A 3x + 4 = 19, huɗu kike ɗebewa a gefe biyun, kamar sikelin mai nama, saura 3x = 15, x biyar.

Kowace amsa kika samu, mayar da ita cikin ekwasiyon. Sa −1 a ta farkon: 2 + 3 − 5, sifili. Minti ɗaya ne.

Masu x³ kuma kada su tsorata ki. Gwada 1, −1, 2, −2 tukuna. A x³ − 2x² − 5x + 6, ɗaya na ba da sifili, sai ki raba da (x − 1), x² − x − 6 ya rage. Sauran amsoshin su ne lambobi biyu da jimlarsu 1, ninkinsu −6: uku da −2. Ko delta ba ki taɓa ba.

Kuma ki daina aikin lissafi bayan isha da cikin tuwo, ki yi shi bayan asuba kafin wanke-wanke, ki roƙi Inna ta ɗaga miki ƙafa. Nemi ƴan mata biyu ku riƙa yi a allo, wadda ke rubutu ta riƙa faɗin abin da take yi da ƙarfi. Turo hoton takardar dubwar ɗin nan mai 5 a nan, in nuna miki layin da alamar ta ɓace.