Amsa: kyauta mai sauƙin kuɗi don taron musayar kyauta

Ɗan'uwa, ka ce kana neman abin da za ka kai ba tare da aljihu ya ji jiki ba. Fara tambayar mai shirya taron iyakar kuɗin da aka tsayar, kada ka zarce, don kar ka kunyata wanda ya kawo ƙarama.

Tunda ba ka san hannun wa za ta faɗa ba, bar tufafi saboda awo, bar turare ma, wani ƙamshin ciwon kai yake sa masa. Ni na fi son ƙaramar tocila mai caji, ko kofin shayi mai murfi.

Kunna tocilar a gida tukuna, ka cire takardar farashi. In kofin tangaran ne, cusa takarda ciki da kewayensa kafin ka naɗe, mariƙinsa ne ke fara karyewa.