Ta ɓata fuska, ko an ɓata mata fuska?

Tambaya: Malam barka da aiki. Na ji an ce man bilicin ya ɓata wa wata fuska, ni kuma na san ɓata fuska fushi ne, to wai duk abu ɗaya ne? Kuma ina bambancinsa da lalata?

Amsa: 'Yar'uwa ba ɗaya ba ne, kuma 'yar kalmar nan "wa" ko "mata" ita ta raba gardama. In aka ce ta ɓata fuska, ita da kanta ta haɗe gira ta tsuke baki, anjima kaɗan a ba ta labari mai daɗi ki ga ta saki ranta shikenan. Amma in aka ce mai ya ɓata mata fuska, to wani abu ne ya zo ya tafi da kyan fatar, kumatu sun ƙone sun yi baƙi, goshi ya yi dabbare-dabbare, wannan kam murmushi ba ya gyara shi. Haka tsofaffi ke cewa agana ta ɓata wa mutum fuska saboda zanzanar da take bari, cutar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar an kawar da ita a 1980.

Abin da nake so ki riƙe, kalmar ɓata, kyau take taɓawa, abin yana nan yana aikinsa. Yaro ya zana bango da gawayi ya ɓata shi, amma bangon na tsaye ai. Gilashin waya ya karce, ya ɓaci, kina ta kiranki. Ranar da ta faɗa ruwa ta ƙi kunnuwa, ranar ta lalace. Mutane kan haɗa su a magana kuma ba laifi, sai dai a kan mutum gaskiya ni ina kiyayewa sosai, domin lalata yarinya magana ce mai nauyi, ba a faɗinta don tabo ko ƙuna. In gaɓa ce ta daina aiki kuma, nakasa ake cewa.

Daga ɓata ɗin aka samu ɓarna da ɓatanci da ɓata-gari, ga ɓata suna, ga ɓata lokaci, har mutum biyu in sun yi faɗa a ce sun ɓata. Kar dai ki haɗa ta da ɓata ta rashin gane hanya, waccan ba a jan wasalin farko. Kuma don Allah a riƙa sa lanƙwasa in ana taifin, in ba haka ba sai mai karatu ya ɗauka "ba ta" ake nufi.